Daga Atina zuwa Delfi ta ƙasar inabi: in cire Nemeya daga tafiyar ko in bar ta?

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Girka. Shekarata shida ina aiki a Jamus, ban taɓa fita da uwargida ko'ina ba in ba gida ba. Bana mun yanke za mu yi kwana bakwai a Girka a tsakiyar Satumba, yara za su zauna wajen ƙanwarta. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya turo mana tsari: Atina, Korinti, Nemeya, Mikene, Nafpiliyo, Efidabros, Olimfiya, sai a haye gada kusa da Patiras a ƙare a Delfi. Tun ina sakandare nake karanta hikayoyin Harkilis, jarumin almarar Girkawa, raina yana son ganin ƙasar da aka ƙaga su. Inda gizo ke saƙar shi ne rana ta biyu. Gaba ɗayanta an ba gonakin inabi na Nemeya, har da zaman ɗanɗana giya. Uwargida ta ce ko kusa. Ni ma ba sha zan yi ba, Allah ya tsare. To in cire Nemeya kacokan, ko akwai yadda za a yi?

Ɗan Zazzau a Atina:
Wa alaikumus salam Yaya. Shekarata tara a ƙasar nan, hanyar nan kuma na bi ta sau uku. Kar ka cire Nemeya. Kamfanin za ka cire. Ku ɗauki hayar mota daga filin jirgi, tuƙinsu hannun dama ne kamar na Jamus da na gida, sai dai ka tanadi kuɗin tolget don babbar hanyar tana da su da yawa. Daga Atina zuwa Korinti awa guda ne, daga can zuwa Nemeya kamar rabin awa. In kana da motarka, babu mai zaunar da kai a teburin da ba ka so.

Kuma Nemeya biyu ce. Akwai garin yanzu inda masu matsar giya suke, akwai tsohuwar Nemeya 'yan kilomita kaɗan daga nan, inda kufan yake. Ta biyun kake nema.

Almajirin Malam:
Ɗan'uwa, ni shawarata ta fi haka tsauri, ka yi haƙuri da ni. Abu biyu aka haɗa maka a tafiyar nan, ɗakunan gumaka da ƙasar giya. Hadisi ya tabbata cewa la'anar giya ba ta tsaya kan mai sha ba, ta haɗa da mai matsa ta da wanda aka matsa wa da mai ɗauka da mai sayarwa, har mutum goma. An kuma hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Kuɗin da za ka kashe a can, me zai hana ka ƙara kaɗan ku yi Umara kai da iyalinka?

Abban Sadiƙ:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na gode. Umara mun yi bara, alhamdu lillahi. Batun teburin ba ni da ja, shi ya sa ma na kawo maganar. Kufan ne nake son a warware mini.

Maman Hanifa:
Bari in sa baki, tunda tarihi nake koyarwa shekara goma sha huɗu. Malam, da girmamawa, a wuraren nan ba a bauta wa kowa yau. Duwatsu ne a zube, da mai sayar da tikiti a ƙofa. Mafi yawan Girkawan yanzu Kiristoci ne 'yan Otodoks. Alƙur'ani kuma a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance.

Abban Sadiƙ, ka tsaya a Mikene ka ga abin da nake nufi. Gari ne a kan tudu, an kewaye shi da ganuwar duwatsun da girmansu ya sa Girkawan da suka zo daga baya suka kasa yarda mutum ne ya ɗaga su, suka ce wasu ƙattai masu ido ɗaya ne suka gina. Ƙofar Zakuna an yi ta wajen shekara ta 1250 kafin Miladiyya, har yau tana tsaye. A ƙasa kaɗan akwai kabarin da ake kira Taskar Atiriyus, ɗaki mai kama da rumbu, tsayinsa ya haura mita 13, dutsen da aka gitta a kan ƙofarsa an ƙiyasta nauyinsa tan 120. Masu wannan ƙarfi sun ɓace wajen 1200 kafin Miladiyya, har rubutunsu aka manta, sai a 1952 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Ventris ya gano yadda ake karanta shi, aka ga ashe Girkanci ne. Shekara dubu uku ba mai iya karanta lissafin rumbunan sarki. In wannan ba izina ba ce, ban san mece ce ba.

Almajirin Malam:
Malama, ayar haka take, ban musa ba. Amma a dubi yadda aka yi da Hijir, garin Samudawa. Da Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin a hanyar Tabuka, cewa ya yi kar a shiga sai ana kuka, ya kuma sa aka yi sauri. Mutanenmu kuwa hoto suke zuwa ɗauka suna dariya.

Maman Hanifa:
Hijir wuri ne da nassi ya faɗa ƙarara cewa azaba ta sauka a cikinsa. Ba kowane kufai ne Hijir ba. Amma maganarka ta hoto da dariya na karɓa, niyya da natsuwa su ne abin dubawa. Kuma kar mu manta malamanmu na farko ba su guji Girkawa ba. A Bagadaza aka fassara Aflatun da Aristo da Buƙrat da Jalinus zuwa Larabci. Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, rayuwarsa ya ƙarar a kan littattafan likitancinsu. Sun ɗebi ilimin suka bar gumakan.

Ɗan Zazzau a Atina:
Bari in koma kan Nemeya, don a ga abin da za a rasa in an cire ta. Nan ne aka ce Harkilis ya yi na farko cikin ayyukansa goma sha biyu, ya kashe zakin da kibiya ba ta huda fatarsa, da hannu ya shaƙe shi, ya riƙa yafa fatar. Wannan almara ce. Abin da ba almara ba shi ne wasannin da aka fara yi a wurin a 573 kafin Miladiyya, wanda ya yi nasara a naɗa masa rawanin ganyen seleri na daji. Filin tseren yana nan. Kafin ka shiga sai ka bi ta wani zaure mai duhu da aka gina da dutse, tsawonsa kamar mita 36, a jikin bangon akwai sunayen da 'yan wasa suka karta suna jiran a kira su. Ranar da na je ni kaɗai ne a ciki. Na daɗe ina kallon sunayen nan, don ban ga bambancinsu da abin da muke rubutawa a bangon aji ba.

Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ce ta tone wurin tun shekarun 1970. A 1996 mutanen garin suka farfaɗo da tseren, kowa yana iya shiga, babu takalmi, babu kyautar kuɗi. Haikalin Ziyus, babban abin bautar Girkawan da, na wajen 330 kafin Miladiyya ne. Ginshiƙai uku ne ba su taɓa faɗuwa ba, sauran da za ka gani a tsaye ɗaga su aka sake yi. Kewaye da shi ta ko'ina inabi ne, kore shar har gindin duwatsu.

Manomin Hunƙuyi:
Nan ne aka zo wajena. Ni inabi nake nomawa a ƙasar Kudan, shekara takwas ke nan, ban taɓa matsa ko ƙwaya ɗaya ta zama giya ba. Kasuwa muke kai wa a sha ɗanye. Don haka in na ji ana cewa ƙasar inabi ƙasar giya ce, sai in ji ba a yi wa itacen adalci ba. Alƙur'ani ya ambaci inabi cikin ni'imomi sau da yawa. Ɗan Zazzau, wane iri suke shukawa, kuma da ruwan sama ko ban-ruwa?

Ɗan Zazzau a Atina:
Alhaji, irin Nemeya sunansa Ayoryitiko, wato na Waliyyi Jorji, daga tsohon sunan garin. Baƙi ne. Giyarsa suke wa kirari da jinin Harkilis. Gonakin sun fara daga kwari wajen mita 250 sama da teku har kan tsaunuka sama da mita 800, shi ya sa ba sa nuna lokaci guda, na kwari ya riga na tudu da makonni. Yanayinsu juyin namu ne, ruwansu da sanyi yake zuwa, bazararsu ƙamas. Girbi sau ɗaya a shekara, daga Satumba. Abin da suka fi tsoro shi ne ruwa ya sauko ana tsakiyar girbi, inabin ya ruɓe a jikin uwa.

Manomin Hunƙuyi:
Ashe ciwonmu ɗaya. Mu ma damina ce makashin inabi, in danshi ya yi yawa sai fumfuna ta cinye ganye da 'ya'ya. Abban Sadiƙ, don Allah in ka je ka ɗauko mini hoton yadda suke ɗaure reshe a waya, da tazarar da ke tsakanin layi da layi. Wannan kawai nake roƙo.

Maman Hanifa:
Alhaji ya taɓo abin da kamfanonin nan ba sa faɗa. Dukiyar wannan yankin a ƙarni na 19 ba giya ba ce, zabibi ne. Wani ɗan ƙaramin baƙin inabi marar ƙwallo da ake shanyawa a rana, ana nomansa daga Korinti har gaɓar yamma. Sunan da Turawan Ingila suke kiransa ma daga sunan Korinti ya fito, su ne manyan masu saye, suna zubawa a kek. Akwai shekarun da zabibi ya haura rabin duk abin da Girka take fitarwa waje. Da wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, Faransawa suka yi ta saye, manoma suka sare zaitun suka shuka zabibi, suka ci bashi. Gonakin Faransa na farfaɗowa sai ta sa haraji, farashi ya faɗi warwas. A Disambar 1893 firaminista Tirikufis ya tsaya gaban majalisa ya ce ƙasa ta tsiyace. Samari suka yi ta kwarara Amurka. A wannan shekarar dai aka buɗe mashigin ruwan Korinti da za ku haye ta kansa, mai tsawon kilomita shida da ɗoriya, wanda Sarki Nero na Rum ya fara haƙa tun shekara ta 67 ya bari.

Duk wanda ya san abin da ya sami gyaɗa a Kano zai gane labarin nan ba sai an fassara masa ba.

Almajirin Malam:
Amma Malama, Faransawan nan da suka sayi zabibin, ai giya suka yi da shi.

Maman Hanifa:
Ƙwarai, giya suka yi. Ban ɓoye ba. Dawa ma ana yin burkutu da ita, ba mu daina tuwo ba.

Almajirin Malam:
Haka ne. Zabibi kam halas ne babu tantama, ya tabbata ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) shi a ruwa ya sha kafin ya juya. Ni dai har yanzu ba zan ce wa mutum ya je ba. Amma in ya riga ya yi niyya, sharuɗɗana uku: kar ya shiga inda ake matsa ko ɗanɗana, kar ya sayo wa wani kwalba ko da abokin aiki ne Bature ya roƙa, kar salla ta kuɓuce don ana bin duwatsu.

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, kuma ba na sha, don haka matsalar Abban Sadiƙ tawa ce ita ma. Na je Korinti da ƙungiyar majami'armu shekaru huɗu da suka wuce. Manzo Bulus ya zauna a garin shekara ɗaya da rabi, yana sana'ar ɗinkin tanti, kuma har yau ana nuna dakalin da aka gurfanar da shi gaban gwamna Galiyo. Ku hau dutsen da ke bayan garin, Akrokorinti, tsayinsa mita 575. A sama za ka tarar da kangon majami'u da kangon masallatai na zamanin Turkawa a cikin ganuwa ɗaya, ga kuma marmaron da aka ce doki mai fiffike yana shan ruwa. Ku je da safe, babu inuwa ko kaɗan, dutsen hanyar kuma yana da santsi. A gaya wa madam ta sa takalmi mai kama ƙasa.

Ɗiyar Maraɗi:
Ni aikin jinya nike yi a Faransa, abin da ya kai ni Girka Efidabros ne. Kowa dandalin wasan kwaikwayo yake zuwa kallo, kuma ya cancanta, layin kujeru 55 ne, yana ɗaukar mutum wajen 14,000, in an yi magana a tsakiya na can ƙarshe yana ji. Amma ku taka kaɗan ku ga inda majinyata suke kwana. Mutum zai zo daga nesa, ya yi wanka, ya yi yanka, ya kwanta a wani dogon zaure yana jiran Askilifiyos, abin bautarsu na waraka, ya zo masa a mafarki da magani. Da safe masu hidima su fassara. A gidan tarihin wurin akwai allunan dutse da aka rubuta sunan cuta da yadda aka warke, ga kayan fiɗa na ƙarfe a gefe. Tsafi da likitanci a ɗaki guda. Sandar nan mai maciji da kuke gani a tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta Askilifiyos ce. Kullum ina ganinta a wurin aiki, ban san daga inda ta fito ba sai ranar.

Batun abinci kuma ku kula sosai. Naman da ake yankowa a jikin ƙarfe ana naɗewa a burodi, mafi yawa alade ne in ba ka ce kaza ba. Kuma suna dafa miya da giya. A wani gidan abinci a Nafpiliyo na yi odar zakara, sai da na kai loma biyu na ji ɗanɗanon ya bambanta, na tambaya aka ce da jar giya aka dafa. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Kalma biyu za ku riƙe: hirino alade ne, kirasi giya ce. Ku nuna abinci ku tambaya. Kifi gasasshe da wake da salak da cuku sun wadatar da mu mako guda.

Ɗan Zazzau a Atina:
Anti ta faɗi gaskiya. Amma Satumba akwai abin da zai faranta wa uwargida. Lokacin girbi suna dama ruwan inabi sabon matsa da gari, ya daskare kamar alkaki mai taushi, a barbaɗa goro irin nasu da kirfa, sunansa mustalebriya. Akwai fetimezi, ruwan inabin da aka dafa har ya yi kauri kamar maɗi, ana zuba wa burodi ko kindirmo. Akwai ganyen inabi da ake naɗe shinkafa a ciki. Duk ba su shafi tsami ba, a gidan burodi da bakin hanya ake sayar da su.

A Nafpiliyo ku kwana biyu, daga nan Mikene da Efidabros duk rabin awa ne. Shi ne babban birnin Girka kafin a koma Atina a 1834. A dandalin tsakiyar gari akwai tsofaffin masallatai biyu na Turkawa, a ɗaya daga ciki majalisar ƙasar ta fara zama. Ba a salla a cikinsu yanzu, ku riƙe dardumarku. In Juma'a ta same ku a Atina, akwai masallacin gwamnati a unguwar Botanikos da aka buɗe a 2020.

Abban Sadiƙ:
Olimfiya fa? Uwargida na cewa tuƙin ya yi yawa.

Ɗan Zazzau a Atina:
Kusan awa uku daga Nafpiliyo. In ka matsu, ita za ka bari. Filin tsere ne mai mita 192 da ginshiƙai a kwance da girgizar ƙasa ta zubar, sai wurin da ake kunna wutar Olamfik. Nemeya ta riga ta nuna maka irinsa ba tare da cunkoso ba.

Maman Hanifa:
Ban yarda ba. Daga 776 kafin Miladiyya Girkawa suke lissafin shekarunsu da wasannin wurin, kuma gidan tarihinta yana cikin mafi kyau a ƙasar. Amma mota taku ce, gajiya taku ce.

Delfi ce ba zan yafe ba. Tana rataye a jikin Dutsen Farnasos, ƙasanta kurmin zaitun har bakin teku. Sun ce Ziyus ya saki gaggafa biyu daga gabas da yamma suka haɗu a nan, don haka nan ce cibiyar duniya, har dutse suka sassaƙa suka kira shi cibiya. Afolo kuma, abin bautar Delfi, ya kashe wani macijin da ke gadin wurin kafin ya mallake shi. Duk shekara in na kawo wannan a aji, kafin in rufe baki wani yaro zai ce Bayajidda da rijiyar Kusugu. In na zo kan bokanyar da sarakuna ke aiko wa tambaya kafin su fita yaƙi, sai su tuna Barbushe yana hawa Dala ya sauko da labarin abin da shekara za ta zo da shi. Ba cewa nake wani ya kwaikwayi wani ba. Mu ma mun fito daga irin wannan, kuma ba mu rushe Dala ba.

Wani abu ga Malam. Su kansu Girkawa ba su ɗauki giya abin wasa ba. Hikayarsu ta ce Ikariyos, mutumin farko da Diyonisos abin bautarsu na giya ya koya wa yin ta, ya ba makiyaya suka sha suka bugu, suka zaci guba ya ba su, suka kashe shi. 'Yarsa da ta ga gawar ta rataye kanta. Wannan shi ne labarin zuwan giya ƙasar Atina a bakin masu ita. Ko a wajen liyafa sai sun sirka ta da ruwa, wanda ya sha zalla kuwa bagidaje suke ɗaukarsa.

Almajirin Malam:
Wannan ban taɓa ji ba. Sun ga ɓarnar da idonsu ke nan.

Abban Sadiƙ:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida tun daga sama. Mun fasa kamfanin, mota za mu ɗauka. Tsohuwar Nemeya da safe, mu wuce Mikene kafin la'asar, kwana biyu a Nafpiliyo. Sharuɗɗan Malam uku na karɓa. Olimfiya har yanzu muna ja, ita tana bayan Ɗan Zazzau, ni ina bayan Malama. Alhaji, hotunanka suna nan tafe in sha Allah. A ina zan sami zabibin nan na asali in kawo tsaraba?

Ɗan Zazzau a Atina:
Egiyo, a bakin teku, kamar rabin awa gabas da Patiras. Nasu ake kira Bostitsa, shi ne mafi daraja, kuma a tsakiyar Satumba sabon shanya ya shigo kasuwa. In kun bi ta Olimfiya, ku ɗan zarce can ku dawo kafin ku hau gadar Riyo, wadda ke kusa da Patiras. In kun bar Olimfiya ma ya fi sauƙi, ku koma Korinti ku bi gaɓar arewa, garin yana kan hanyarku.

Manomin Hunƙuyi:
In ka tarar da inda suke shanyar, a haɗa mini da hoton wurin. Mu nan in kasuwa ta cika, inabi a kwando yake lalacewa, ba wanda ya koya mana busarwa.